Sankarar mama: Watannin da ke salwanta a Ƙonni, Malbaza da Illela kafin mace ta ga likita

Daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai, inda na'urar gashin kansa ta farko mallakar gwamnatin Nijar take, tafiyar kimanin kilomita 420 ce a kan babbar hanya mai lamba 1. Motar fasinja tana cinye ta a yini guda. Amma ga mata da dama a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, daga ranar da hannunsu ya fara taɓa wani ƙullutu a mama zuwa ranar da za a gaya musu ko mene ne, watanni ne ke shuɗewa, wani lokaci har shekara ta zagayo.

A cikin waɗannan watannin ne cutar da ake iya shawo kanta take girma har ta gagari magani.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin 670,000. A ƙasashen da suka fi ci gaba, mace 1 cikin 12 ce ke kamuwa da ita a tsawon rayuwarta, amma 1 cikin 71 ce take kashewa. A ƙasashe matalauta, sahun da Nijar take ciki, 1 cikin 27 ce ke kamuwa, sai dai 1 cikin 48 tana mutuwa. Wato cutar ta fi yawa a can, kisa kuma ya fi yawa a nan.

A Nijar, rajistar masu cutar kansa da aka buɗe a Yamai tun 1992 ta daɗe tana nuna cewa sankarar mama ce kan gaba a tsakanin mata, ta bakin mahaifa tana biye da ita. Rajista kuwa tana ƙirga waɗanda suka isa asibiti ne kawai. Matar da ta rasu a ɗakinta a wani ƙauye na Tajaye ko Bazaga, aka ce daji ne ya cinye ta, ba ta cikin lissafin kowa.

Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara bincike da dama daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu cutar sai ta kai mataki na 3 ko na 4 ake gano ta. Wani kuma da ya bi sawun marasa lafiya a ƙasashe 5 na nahiyar, aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya nuna rabinsu ne kawai ke raye bayan shekara 3. A Najeriya, maƙwabciyar Ƙonni, kashi 36 ne. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 suna raye bayan shekara 5.

Ciwon da ba ya ciwo

Babban tarkon wannan cuta shi ne yadda take farawa shiru. A galibin lokuta ƙullutun farko ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, ba ya hana daka ko zuwa rijiya. Mutanenmu kuma sun saba auna girman cuta da raɗaɗinta. Abin da bai kwantar da mutum ba, ba a kashe masa kuɗin mota.

Likitoci sun kasa cutar mataki 4. A na farko, ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwarar gyaɗa mai ɓawo, kuma yana cikin maman kaɗai. A na biyu yana iya kai santimita 5, kusan girman ƙwan kaza, ko ya fara taɓa kaluluwar hammata. A na uku ya kama fata ko ƙirji, ko kaluluwa ta yi yawa. A na huɗu ya tsallaka zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. A matakai biyun farko akasarin mata suna warkewa idan suka samu cikakken magani. A na huɗu abin da likita ke iya yi shi ne rage wahala da jan kwana.

Alamomin da bai kamata mace ta zauna da su ba sun haɗa da ƙullutu ko tauri a mama ko a hammata, canjin girma ko siffar mama ɗaya, fatar da ta lotsa ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, kan nonon da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko wani ruwa da ke fita daga kan nono ɗaya, da kuma gyambon da ya ƙi warkewa.

Akwai labari mai daɗi a nan: WHO ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ƙullutun da ake samu a mama ba kansa ba ne. Yawancin matan da za su je a duba su za su dawo gida hankali kwance. Sai dai ba a rarrabe mai illa da marar illa da ido ko da tsammani. Sai an gwada.

Tsakanin ciki da goyo

Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 kuma ya nuna 6.2. Ma'ana, macen karkara a wannan yanki tana shafe kusan shekara 20 na rayuwarta ko da ciki ko da goyo.

Haihuwa da wuri da doguwar shayarwa suna rage haɗarin kamuwa da cutar. Wani babban nazari na 2002 ya nuna duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Ragi ne dai, bai zama katanga ba. Kuma a nan ne ruɗani ke shigowa, domin maman mai ciki ko mai shayarwa kullum cikin sauyi yake: ya kumbura, ya yi tauri, nono ya taru. Idan mai goyo ta ji ƙullutu, abin da za ta fara ji daga uwar miji ko maƙwabciya shi ne nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi, zai baje. Sau da yawa gaskiyarsu ne. Ranar da ba gaskiyarsu ba, sai a yi ta jiran yaye, yaye kuma sai yaro ya kusa shekara 2.

Bambancin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa mai sauƙi ne. Ciwon nonon shayarwa yana zuwa da zafi, ja da zazzaɓi, kuma yana sauka cikin kwanaki idan an sha magani ana kuma ci gaba da ba yaro. Ƙullutun da ya wuce mako 2 yana nan daram bayan an yi magani, ko wanda tun farko ba ya zafi, wannan na asibiti ne, ko da ciki ko da goyo. Ana iya yin hoton eko ga mai ciki ba tare da cutar da jariri ba.

Haka nan ba cutar tsofaffi kaɗai ba ce. Haɗarin yana ƙaruwa daga shekara 40 zuwa sama, amma da yake yawancin al'ummarmu matasa ne, da yawa daga masu cutar a asibitocin Afirka ta Yamma ba su kai 50 ba.

Hanyar da ake bi kafin asibiti

A ɗauki misalin mace mai shekara 40 a wani ƙauye na karkarar Dogerawa ko Badagishiri. Ta ji ƙullutu tana wanka. Abu na farko da zai tare ta kunya ce: mama ba wurin da ake buɗe wa kowa ba ne, balle idan majon asibitin garin namiji ne. Za ta yi shiru na wani lokaci. Daga baya ta gaya wa 'yar'uwarta ko ƙawarta, a kawo saiwa da ganye a shafa. Idan ya ƙi, a ce jifa ne ko sammu, musamman in akwai kishiya a gidan. Idan ya ƙara girma, a kai ta wurin wanzami a yi tsaga ko sakiya.

A nan ne lamarin ke ƙara lalacewa. Sakiya tana fitar da mugunya daga maruru, amma ƙullutun kansa tsoka ce, ba ruwa a cikinsa. Idan aka huda shi sai ya zama gyambon da ba ya rufewa, ƙwayoyin cuta su shiga, wari ya fara. Daga nan mace ta daina shiga mutane, ta daina zuwa biki da suna. Lokacin da za a ɗauko ta zuwa asibiti, an riga an makara. Idan ta rasu bayan 'yan makonni, labarin da zai koma ƙauye shi ne an kai wance asibiti an yanka ta, ba ta tashi ba. Mace ta gaba da za ta ji ƙullutu, wannan labarin ne zai hana ta motsi.

Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kuma malamai da dama suna faɗin haka a wa'azinsu. Abin da ke kashewa shi ne a jingine asibiti sai komai ya gaza.

Akwai kuma maganganun da ke yawo waɗanda ba su da tushe a ilimin likita. Ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya haddasa cutar. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Ba alhakin wani laifi ba ce: WHO ta ce kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi ta fi bukatar sa ido, amma yawancin masu cutar babu wanda ya taɓa yin ta a danginsu. Maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba.

Maigida yana cirani, kuɗi suna gona

Ƙasar Adar ta yi suna wajen cirani. Da an gama girbi, samari da magidanta kan kama hanyar Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, wasu su yi watanni, wasu shekaru. Matar da aka bari a gida ba kasafai take da ikon yanke shawarar tafiya Tawa ko Yamai ita kaɗai ba. Sai an kira maigida, sai ya turo kuɗi, sai an samu ɗan rakiya, sai an samu mai riƙe yara.

Ga waɗanda ke noman rani a fadamun Galmi da gonakin ban-ruwa na Ƙonni kuma, kuɗi suna da lokacinsu. Albasar Galmi da ake alfahari da ita har ƙasashen gaɓar teku sai ta nuna an sayar kafin aljihu ya yi nauyi. Ciwon da ba ya zafi kuwa shi ne na farko da ake cewa ya jira bayan albasa. Ƙullutun da aka ji da kaka, aka bari sai bazara, yana iya tsallake mataki guda a tsakani.

Ina ake zuwa?

Tsarin kiwon lafiyar Nijar hawa-hawa ne. Daga ɗakin shan magani na ƙauye sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, daga nan sai asibitin gunduma, sannan babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro a Tawa, mai nisan kimanin kilomita 130 daga Ƙonni. A gundumar Malbaza akwai kuma asibitin Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, inda ake tiyata, marasa lafiya kuma na zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya.

Tabbatar da cewa ƙullutu kansa ne yana bukatar abu uku: gwajin hannu daga ƙwararre, hoto, da kuma ɗibar ɗan ƙaramin yanki na tsokar a duba a ɗakin bincike. Wannan na ƙarshen ne ke yanke magana, kuma masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a ƙasar, akasarinsu a Yamai. A can ne kuma asibitin haihuwa na Issaka Gazobi yake, da Cibiyar Yaƙi da Cutar Kansa ta Ƙasa, wadda aka ƙaddamar da sashen gashinta a 2021 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin wannan shekara, mai bukatar gashi sai ya fita ƙasar waje, abin da ƙalilan ne ke iyawa.

Mutanen Ƙonni suna da wata ƙofar. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga garin ba, ta Illelar Najeriya, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kula da masu kansa. Sai dai a can komai da kuɗi ne, kuma rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har watan Maris na 2024, ya nuna cewa ba ƙofar da za a dogara da ita kullum ba ce.

Wani abin da mata da yawa a karkara ba su sani ba shi ne, tun 2007, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta fitar da dokar da ta mayar da maganin kansar mata kyauta a asibitocinta, ciki har da ta mama. An sha kokawa kan jinkirin da ake samu wajen biyan asibitoci kuɗin ayyukan kyauta da kuma yankewar magunguna, kuma dokar ba ta ɗauke wa iyali kuɗin mota, abinci da masauki a Yamai ba. Duk da haka haƙƙi ne da doka ta bayar, kuma wanda ya san haƙƙinsa ya fi iya tambayarsa.

Darasi daga Asiya

A Turai da Amurka, ana kiran mata masu shekaru su yi hoton mamogram a kai a kai tun kafin su ji komai. Wannan tsari yana bukatar na'urori masu tsada da ƙwararrun masu karanta hoto, abin da gundumomi irin su Illela ba za su samu nan kusa ba. Tambayar ita ce me za a yi kafin nan. Wasu ƙasashen Asiya da suka yi fama da irin wannan rashi, da irin wannan kunya, sun gwada hanyoyi, kuma sakamakonsu na da amfani a gare mu.

A birnin Mumbai na Indiya, cibiyar Tata Memorial ta bi mata fiye da 150,000 'yan shekara 35 zuwa 64 a unguwannin talakawa har tsawon shekara 20. An ɗauki mata masu ilimin sakandare, aka ba su gajeren horo kan duba mama da hannu, suka riƙa duba rabin matan duk bayan shekara 2. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar da wuri a wannan rukuni, kuma a tsakanin matan da suka kai shekara 50 zuwa sama mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Babu na'ura a wannan aiki, hannu ne da horo, da kuma asibitin da ke shirye ya karɓi duk wadda aka turo.

A jihar Sarawak ta Malesiya, mai dazuzzuka da ƙauyuka masu nisa, an horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamomin cutar, aka kuma gyara hanyar tura marasa lafiya gaba. Masu zuwa a mataki na 3 da na 4 suka sauko daga kashi 60 cikin 100 a 1994 zuwa kashi 35 a 1998.

Akwai kuma darasi na gargaɗi daga Shanghai ta ƙasar Sin. A can an koya wa ma'aikatan masaƙu mata yadda za su riƙa duba kansu, a wani bincike da ya ƙunshi mata sama da 266,000. Sakamakon 2002 ya nuna hakan shi kaɗai bai rage mace-mace ba. Sanin jiki yana da kyau, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurinmu kusan duk ƙullutu mace ce ke fara jin sa da kanta. Amma wayar da kai da ta tsaya a jawabi da rigunan ruwan hoda na watan Oktoba ba za ta ceci kowa ba, matuƙar wadda ta je CSI da ƙullutu za a ba ta maganin kashe zafi a sallame ta.

Tsoron wuƙa

Ko bayan an tabbatar da cutar, wasu matan kan gudu da zarar an ambaci tiyata. Tsoron a cire mama ya haɗa da tsoron miji ya juya baya, ko a yi mata kishiya, ko ta zama abin nuni. Tsoro ne na gaske, kuma ba a kawar da shi da faɗa.

Abin da ya kamata a sani shi ne, gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon sauƙin magani. Idan ƙullutun ƙarami ne kuma akwai damar gashi, ana iya cire shi kaɗai a bar maman. Bayan tiyata, wasu na bukatar ƙarin ruwan magani da ake kira kemo, wanda ke zubar da gashin kai na ɗan lokaci kafin ya sake tsirowa. Wasu kuma irin tasu cutar tana jin ƙwayar tamoxifen, mai sauƙin kuɗi, da ake sha kullum har shekara 5 ko fiye. Mai mama ɗaya tana zaman aurenta, kuma idan likita ya ba da izini bayan kammala magani tana iya haihuwa ta shayar. Abin da ke mayar da hannun agogo baya shi ne a fara magani a watsar a tsakiya don an ji sauƙi ko kuɗi sun ƙare.

Abin da ke hannunmu

A 2021 WHO ta ƙaddamar da wani shiri na duniya da ke son rage mace-macen sankarar mama da kashi 2.5 cikin 100 duk shekara, abin da zai ceci rai miliyan 2.5 zuwa 2040. Ta kafa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar a mataki na 1 ko na 2, a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 su kammala magani.

Biyun farko aiki ne da za a iya farawa daga gunduma. Mata suna zuwa CSI awon ciki, suna kawo yara rigakafi, suna zuwa tsarin iyali. Ungozomar da aka horar tana iya duba mama cikin 'yan mintuna a duk irin wannan zuwa, mace ga mace, bayan labule. Asibitocin gundumomin uku na iya ware rana guda a mako don masu ƙorafin mama, da rajistar da za a bi sawun duk wadda aka tura Tawa ko Yamai, a san ta isa ko ta maƙale a hanya.

Akwai kuma tsare-tsaren da al'umma ta riga ta saba da su. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu a ƙasar, suna iya ware wani kaso don kuɗin motar 'yar ƙungiyar da aka tura babban asibiti. Makarantun mazaje da aka fara a Damagaram don jawo magidanta cikin sha'anin lafiyar iyali wuri ne da ya dace a yi wannan magana. Magidancin da zai tafi cirani yana iya barin izini tun kafin ya fita, cewa in lalura ta taso a tafi asibiti ba sai an jira shi ba. Wanzamai da ungozomomin gargajiya, waɗanda su ne ke fara ganin waɗannan mata, in an ja su a jiki za su iya zama masu turawa da wuri. Gidajen rediyon garuruwa kuma su ba matan da suka warke dama su yi magana da bakinsu, domin ƙauyen da bai taɓa ganin wadda ta je ta dawo lafiya ba, da wuya ya yarda ana dawowa.

Ga ke kuma 'yar'uwa da ke karanta wannan, ko aka karanta miki: ki san yadda mamanki yake a kullum, ki riƙa shafawa har hammata bayan kin gama al'ada. In kin ji abin da ba ki saba ji ba, kada ki jira ya yi zafi, kada ki jira yaye, kada ki bari a tsaga. Ki je CSI a makon nan. In an ba ki magani mako 2 ya wuce yana nan, ki koma ki nemi takardar tura ki gaba.